Jiragen Zauren Baba Tsoho

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kakana na wajen uba, wanda duk gidanmu muke kira Baba Tsoho, ya amsa kiran Mahaliccinsa a farkon damanar nan, a ƙauyenmu da ke yamma da Shanono, bayan 'yar jinyar da ba ta daɗe ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Ina Makoda a kan keken ɗinkina aka bugo mini. Kafin in sami mota, in sauka, in hau babur, an riga an kai shi. Wannan bai dame ni ba, gawa ba ta jiran na nesa. Abin da na tarar ne ya tsaya mini a rai. An shimfiɗa tabarmin zaman makoki can a ƙofar masallaci, shi kuwa zaurensa, inda ya yi zaman duniyarsa, an ja ƙyaure an danna kwaɗo. Mutumin da ya doshi casa'in, wanda babu gidan da bai taɓa zuwa suna ko jana'iza ba a garin nan, a ce masu yi masa gaisuwa ba su cika 'yan tabarmin nan ba!

A cikin gida ma haka. Mata su shigo, su durƙusa gaban Inna, matarsa, su ce, "Ya haƙuri? Allah Ya gafarta masa," kafin a miƙo musu ruwa sun nemi takalmansu. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina jaririya, ta ja ni bayan rumbu ta raɗa mini, "'Yar nan, har yanzu suna ciki?" Na ce suna ciki. Ta dafe ƙirji ta ce, "Allah Ya tsare," ta fice ko sallama ba ta yi wa Inna ba. Wani kuma a waje, bayan an shafa fatiha, na ji an ce ya dubi Baffa, yayan mahaifina, ya ce, "Allah Ya raba ku da abin da ya bari lafiya." Wai gaisuwar mutuwa ke nan.

Mutum ɗaya ne ya yi kuka kamar yadda ake yi wa mutumin kirki, tsohon wanzamin garinmu. Shi ya ƙi zaman ƙofar masallaci, ya jawo buzunsa ya zauna a jikin ƙyauren zauren, hawaye na bin gemunsa. Da na gaishe shi bai amsa ba, cewa ya yi, "Ba mu kyauta masa ba, jikanya. Wallahi ba mu kyauta masa ba."

Ni tela ce, ban saba da rubutu mai tsawo ba, kuma kowa ya san bakina ba ya riƙe magana. Na zauna rubuta wannan ne saboda labarin da ake bayarwa a kan kakana a motocin haya da bakin kasuwa ba nasa ba ne. Idan na yi shiru, shi jikokinmu za su gada.

Abin da ke cikin zauren jirage ne. Duk baƙon da ya shiga, kafin ya ƙarasa sallama sai ya ɗaga kai. Daga kowace azara zare ne ya sauko, a ƙarshen kowane zare jirgin yaƙi na reto. Babbansu bai wuce kamu ɗaya ba, ƙaraminsu ya zauna a tafin hannu. Kowanne kwaikwayon wani jirgi ne na gaske da aka yi yaƙin duniya da shi, an rage girmansa kawai, amma komai na nan, da farfela, da tayoyi, da bindigogi sirara kamar tsinken tsintsiya. A kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, shi zai zauna ya haɗa da gam, ya yi musu fenti. Babu inji a cikinsu, babu waya, ba sa tashi, ba su taɓa tashi ba. Roba ce da fenti.

Yana da sunan da ya raɗa wa kowanne. Akwai Shaho, akwai Zanzaro mai ɗamammen ƙugu, akwai Mai Bakin Kifi wanda aka zana wa haƙora a hanci, akwai Tagwaye mai jela biyu. Ya san ƙasar da ta ƙera kowanne da wadda aka jefa wa wuta da shi, kuma idan ya fara bayani sai dai kiran salla ya cece ka.

Asalin abin, in ji shi, yana ɗan yaro ya raka mahaifinsa Kano kai gyaɗa, lokacin da ake ɗibar mutanenmu zuwa ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu. Suna kusa da filin jirgi wasu suka sauko ƙasa-ƙasa a jere, jakinsu ya zubar da kaya ya yanki daji, mahaifin ya bi jaki, shi kuwa ya tsaya baki buɗe har sai da aka dawo aka ja masa kunne. Da ya girma ya koma filin nan neman aiki, ya samu na share-share da fenti. A nan ya haɗu da wani Bature injiniya mai haɗa irin waɗannan idan ya tashi daga aiki. Baba Tsoho ke wanke masa buroshi. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa akwati guda, daga nan ciwon ya kama shi. Ya dawo ƙauye ya riƙe fartanya kamar kowa, amma duk wanda zai je birni ko ƙasar waje sai ya ba shi saƙo. Shi kansa da ya je Makka, kowa ya dawo da dabino da carbi da zoben azurfa, shi ya dawo da kwalin jirgi a ƙarƙashin hammata. Inna ta yi kwanaki tana ajiye masa tuwo a bakin ƙofa ba ta ce masa ci kanka ba.

Idan aka ce masa, "Alhaji, da girmanka kana wasan yara?" sai ya ce, "Ku masu tara tattabaru wa ya ce muku wasa kuke? Nawa dai ba sa cin dawar kowa, ba sa yi wa kowa kashi a hula." Kuma kada wani ya zaci mai son yaƙi ne. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci! Na taɓa tambayarsa me ya sa duk na yaƙi ne, babu na alhazai ko ɗaya. Ya ce, "Sun fi kyau. Abin haushin ke nan. Ɗan'adam bai taɓa zuba basirarsa a kan wani abu kamar yadda ya zuba a kan abin kashe ɗan'uwansa ba. Shi ya sa na ɗaure su da zare, a nan ba za su je ko'ina ba."

Mahaifina ya rasu ina ƙarama, a hannun Baba Tsoho da Inna na tashi. Ƙazama yake kirana, don ranar da na fara shiga zauren na damƙi Shaho da hannun da na gama cin ƙuli-ƙuli. Ni kuma in ce masa Tsoho Mai Ƙwauron Fenti, wasan jika da kaka. Duk jikokinsa ni kaɗai ya yarda in zauna kusa idan yana aiki. Ya koya mini ɗibar gam da bakin tsinken sakace, da kankare gefen roba da reza, da share ƙura da gashin kaza, daga hanci zuwa jela, ba a komowa baya. Idan na yi garaje ya buge mini yatsa ya ce, "Hannu mai sauri ba ya haɗa fiffike." Wallahi har yau idan ina saka hannun riga a shago sai in ji muryar nan a kunnena.

Akwai alherinsa da nake so a tuna, don waɗanda suka ci moriyarsa sun manta. A garinmu idan sanyi ya shigo ana tara yara a yi musu kaciya tare, su kwanta a zaure guda har su warke. Kwanciyar nan ta rigingine, ga zafi, ga ba a motsi, ita ce ke sa yara kuka. To Baba Tsoho, wanda ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kan jiragensa, duk shekara da kansa zai kwance uku ko huɗu ya kai ɗakin 'yan kaciya ya rataya a saman kawunansu. Kullum da yamma ya je ya zauna, ya hura su da mafici su riƙa juyawa, yana ba da labarin matuƙin da harsashi ya huda wa kafaɗa amma bai yi kuka ba sai da ya sauke jirginsa. Yaro ya haɗiye hawayensa don kada a ce matuƙi ya fi shi. Babu magidancin da aka haifa a garin nan da bai kwanta a ƙarƙashin jiragen kakana ba.

Ba zan ce waliyyi ba ne, yana gaban Ubangijinsa, ƙarya ba za ta amfane shi ba. Yana da zuciya, yana da taurin kai. Baffa yana yaro ya taɓa hawa turmi ya kamo Mai Bakin Kifi, zaren ya tsinke, fiffike ya karye. Dukan da ya sha ranar sai da maƙwabta suka haura katanga suka ƙwace shi. Baba Tsoho ya kwana biyu yana gyaran fiffiken, amma bai taɓa kiran ɗansa ya rarrashe shi ba, har furfura ta fito wa ɗan. Tun daga ranar Baffa bai sake ɗaga kai a zauren nan ba. Zai shigo ya gaida mahaifinsa idonsa a ƙasa, ya fita idonsa a ƙasa. Ya taɓa ce mini, ba da wasa ba, "Ke kika sami kaka. Mu uban jirage muka samu."

Shekarun nan abin da muke ji a rediyo ya iso mana. 'Yan bindiga suka fara tsallakowa daga dajin yamma, su kora shanu, su ɗauki mutum sai an fanshe shi. Sai jirgin soja ya fara ratsawa ta samanmu. Baba Tsoho kunnensa ya yi nauyi, sai ka yi masa magana sau uku, amma ƙarar jirgi tun daga nesa yake jinta. Zai dogara sanda ya fito ƙofar gida, ya kare ido da hannu, ya bi shi da kallo har ya ɓace. Abin da yake yi ke nan tun yana yaro, ba wanda ya taɓa cewa komai.

Yana da al'ada, idan damana ta wuce yakan fito da jiragen ya jera a tabarma su sha iska saboda danshi, ya ɗaga kowanne sama yana juya shi a rana, yana duba inda ya tsage. Bara yana cikin haka, Shaho na hannunsa a sama, sai ga na gaske ya keto ƙasa-ƙasa ya nufi yamma. Ba a jima ba aka ji rugugi daga daji. Wani saurayi da ke zaune a wajen ya ɗauki abin a waya, ya tura wa abokansa da wasa, wai ga tsoho mai kiran jirgi. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo hoton ya je garuruwan da ba su taɓa jin sunanmu ba, kuma a can ba wanda ya san wasa ne. Dama mutane sun ji ana cewa yanzu akwai ƙananan jirage da ake turawa su leƙo daji su ɗauko hoto. Sai aka haɗa wannan da wancan.

Da farko dariya ake yi. Dariyar ta tsaya ranar da aka sako wani manomi na ƙauyen gaba da mu, bayan ya yi makonni a hannun 'yan bindigar. Ya ce sun tambaye shi, ba sau ɗaya ba, wane gida ne na tsohon nan da ke turo musu jirage.

Daga ranar zauren ya mutu. Masu zuwa hira bayan la'asar suka koma gindin dalbejiya. Da sanyi ya shigo aka yi kaciya, ya kwance jiragensa ya aika, aka dawo masa da su a buhu, wai an gode. Baffa ya zo ya durƙusa ya roƙe shi ya sauke su a ƙona. Baba Tsoho ya ce, "In na sauke su na amsa laifi ke nan. Me na yi? Su zo su duba mana, wa na hana shiga?" Baffa ya ce, "Baba, waɗanda za su zo ba dubawa za su yi ba." Tsohon ya juya masa baya.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, na same shi shi kaɗai, gashin kaza ya faɗi ƙasa ya kasa sunkuyawa. Na ɗauka na hau kujera ina sharewa. Can ya ce, "Ƙazama, mutanen nan sun daina amsa mini sallama da ƙarfi. Ko kunnena ne?" Na ce kunnenka ne, tsoho. Ya ce, "Ƙarya kike." Na fita bayan gida na yi kuka. Amma gaskiya ɗaya ce, ranar na ji haushinsa ma. Inna na kwana a gidan nan da ido ɗaya, shi yana kare mutuncin roba. Har yanzu ban san ko jarumta ce ya yi ko son kai ba, kuma ya tafi ban tambaye shi ba.

Bayan sadakar bakwai mai unguwa ya zo ya zauna da mu a tsakar gida. Maganar ɗaya ce, Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma a ɗakin mijinta, a gidan da aka riga aka yi wa alama. Baffa ya ce zai mai da ita gidansa. Liman ma ya ce idan akwai tsoron halaka shari'a ta yarda mai takaba ta tashi. Inna ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni, a nan zan yi masa takaba. Na zauna da shi da jiragensa shekarun da ban san adadinsu ba, ba zan gudu yana kwana bakwai a ƙasa ba." Duk wanda ya san Inna ya san an gama magana.

Na ce to a ba ni su in tafi da su Makoda. Mai unguwa ya girgiza kai. "In suka fita a ɓoye, cewa za a yi an sauya musu wurin aiki, gidan kuma yana nan da sunansa. Sai dai a buɗe cikinsu a gaban jama'a ranar kasuwa, kowa ya gani da idonsa, labari ya koma inda ya fito." Baffa ya ce zai kawo taɓarya. Na ce, "Baffa, in dai ciki ake son gani, ni zan buɗe. Na san inda aka haɗa kowanne." A raina na ce idan na bi layin gam da reza, kowanne zai rabe biyu ba tare da ya karye ba, in ƙura ta lafa in mai da su yadda suke.

Sai da safiyar ranar kasuwar, ina sauke su ina jerawa a kwando, na ɗauki Tagwaye na ji nauyin hancinsa a hannuna, sannan na tuna. Shi Tagwaye tayarsa ɗaya a gaba take, kuma irinsa idan ba a sa masa nauyi a hanci ba sai ya zauna a kan jela. Ni na san abin da ke ciki, don ni aka aika ina yarinya wurin mai gyaran agogo na karɓo matattun batira, 'yan ƙanana masu kama da maɓallin riga, muka dasa su a cikin kakin zuma muka rufe. Batir, a cikin jirgi, a gaban mutanen da suka zo neman batir!

Na leƙa, maza duk sun fita. Na sa reza na buɗe hancin, na ƙwaƙule su, na je na watsa a masai. Na mai da shi na liƙe da gam ɗin da nake manne takalmi da shi, na hura, na goge. Ban gaya wa kowa ba, har Inna.

Da azahar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Rabon da in ga taro haka a garinmu tun ana zaman lafiya, har da baƙin fuskoki da ba wanda ya tambayi daga ina suke. Waɗanda suka kasa zuwa gaisuwa duk sun sami ƙafar zuwa kallo. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiya, ni kaɗai mace, na ja hijabina na zauna da kwando da reza.

Na fara da Zanzaro. Na bi layi a hankali, ya rabe biyu, na ɗaga sama. Wayam. Aka karɓa ana miƙa wa juna, ana leƙawa, ana ƙwanƙwasawa da farce. Na buɗe Shaho, wayam. Mai Bakin Kifi, wayam, sai tabon tsohon gyara a fiffike. Na ga Baffa ya kalli tabon ya kau da kai. A hankali fuskoki suka fara saki. Wani ya ce, "Kai, wannan ne aka rataya mana, na tuna haƙoran nan." Wani ya yi dariya. Wanzami ya miƙe yana nuna su da sanda, "Kun gani? Kun gani, marasa kunya?" Wallahi a lokacin na ɗauka mun tsallake.

Da na zo kan Tagwaye reza ta ƙi shiga. Sabon gam ya fi tsoho riƙo. Na danna, hancin ya fashe ta inda ba layi ba. Mai gyaran wayar garinmu, wanda ke tsugune kusa da ni, ya ɗauki ɓallin ya kai hancinsa. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Ya ce, "Wannan gam ɗin na yau ne." Ya juya shi, ga kakin zuma, ga gurbin abubuwa zagaye-zagaye a jere a cikinsa. Ya ce, "Kuma an cire wani abu a nan."

Mai unguwa ya ce, "Wa ya buɗe shi?"

Da na iya ƙarya da na yi. Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Matattun batiran agogo ne, don nauyi aka sa su, sun fi shekara ashirin a ciki."

Ba wanda ya ji ƙarshen maganar. Kalma ɗaya ce ta tashi daga gaba ta tafi baya, batir, batir, an sami batir. Wani ya ɗaga murya, "Ina suke?" Na ce na jefa a masai. Aka yi wata irin dariya wadda ba ta daɗi ba. Na shiga rantsuwa, ina bayanin taya da jela da nauyi, ina ganin baƙin fuskokin nan sun zuba mini ido.

Sai Baffa ya miƙe. Bai dube ni ba. Ya ce, "Jama'a, kun ji da kunnenku. Abin da ke ciki, ita ta cire, ita ta san inda ta kai. Ita kuwa matar aure ce a wani gari, yau za ta koma. Tsoho ya mutu. Gidanmu babu kowa sai tsohuwa mai takaba, kuma babu komai a cikinsa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba." Ya juye kwandon a ƙasa, da waɗanda na buɗe da waɗanda ban kai gare su ba, ya sa taɓarya. Aka kawo kara aka cinna. Roba ba ta da wuyar ci, kafin a kira la'asar an gama.

Ko sallama da Inna ba a bar ni na yi a tsanake ba. Baffa ya rako ni har wurin masu babur, yana gaba ina baya. Da zan hau ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ki yafe mini. Uwata ce a ciki." Na hau babur muka tafi. Har yau ina juya abin a raina. Wani lokaci in ce Baffa ya sayar da ni, ya kuma huce haushin da ya daɗe yana ci masa rai. Wani lokaci in ce a cikin taron nan duka shi kaɗai ne ya yi tunani da sauri, kuma da ni ce a matsayinsa abin da zan yi ke nan. Abin da na sani, tun ranar ba a sake tambayar gidanmu ba. Maƙwabta sun dawo suna shiga wurin Inna, har da masu kawo mata fura. Yanzu labarin da ke yawo shi ne tsoho ya bar wa jikarsa injinan, tana can wani gari da su.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Tun shekaranjiya na haɗa kayana, na sayi gero da sukari, sai ga wayar Baffa, amma muryar Inna ce. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi maigidana. Sannan ta ce, "An ce kina shirin zuwa."

Na ce, "Inna, arba'in ɗin Baba Tsoho ce fa."

Ta ce, "Na sani. Ki yi sadakarki a nan, tana isa inda za ta. Ana tambayar masu babur ko kin zo."

Na ce, "To sai yaushe? In kin fita takaba?"

Ta ce, "'Yar nan, ki saurare ni da kyau, don ba zan maimaita ba. Ni ma na tsufa. Idan tawa ta zo kafin abin nan ya lafa, ita ma kada ki zo. Na yafe miki tun yanzu."

Na daka gumba na raba wa maƙwabtana a Makoda, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Suka karɓa suka ce Allah Ya kai lada kabarinsa, na ce amin. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa kakana addu'a, Allah Ya yafe masa zafin zuciyarsa, Ya saka masa da alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Ya kuma haɗa da Inna, Allah Ya ja kwananta har in sake ganinta.